Shekara Uku Tsaya-Haka Yana Zagin Masu Fim

A layin da shagonsa yake, in ka tambayi sunansa na gaskiya sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Tsaya-Haka, ko mai sayar da lemo a bakin kwana zai nuna maka ƙofar nan mai koren fenti, tsakanin shagon aski da na mai gyaran talabijin. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Shekara talatin da takwas yana ɗaukar hoto, bai taɓa danna kyamara ba sai ya ce, "Ɗaga haɓa. Kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Yauwa, tsaya haka!" Alƙali ya zauna a kujerarsa ya ji wannan tsawa, haka ma jaririn wata shida da bai san ana yi ba.

Shagon ba wani babba ba ne. Labule uku ne a bango: fari na hoton fasfo, mai ruwan toka na ma'aikata, sai wani tsoho mai zanen bene da furanni wanda ya ƙi jefarwa, don har yanzu akwai tsofaffin da ba su yarda an yi hoto ba in ba a gabansa ba. Akwai fitila biyu masu lema, kujera mai juyawa, madubi, da mataji da ya ɗaure da igiya tun ranar da na bakwai ya bi aljihun wani. A hagu kuma taga ce doguwa. Ita yake kira babbar fitilarsa, kuma bai yarda kowa ya jingina da ita ba.

Da kanikanci ya fara, ya ga shi da baƙin mai ba za su shirya ba. Yana da shekara ashirin da biyu wani kawunsa ya kai shi wurin wani dattijo mai hoto, mutum mai tsadar magana. Wata uku dattijon bai bar shi ya taɓa kyamara ba. Duk wanda ya shigo aka ɗauke shi ya fita, sai dattijon ya juyo ya yi masa tambaya ɗaya tak: "Daga ina haske ya zo masa?" In ya ce daga taga, sai a ce, "To wanda ya haska ƙarƙashin haɓarsa fa?" Sai da ya gano cewa farar rigar mutumin ce ta ɗauko hasken ta mayar masa a fuska. A haka ya koyi cewa hanci yana da inuwa, inuwar kuma tana faɗin inda fitila take, kuma duk fitilar da aka kunna wa mutum sai ta bar ɗan ɗigo a cikin idonsa.

Bai san wannan karatu ya bi shi waje ba sai ranar da suka je gidan silima da abokinsa, wanda a lokacin yake koyon gyaran rediyo, yanzu kuma shi ne maƙwabcin shagonsa da kowa ke kira Injiniya. Ana cikin fim, jaruma ta durƙusa tana kuka a kan gawar yayanta, mutane sun yi tsit, wasu na jan hanci, sai ya ga gefen gashinta yana ƙyalli kamar an zana shi da alli. Bai san lokacin da ya kama hannun abokin ba.

"Kai, ka gani? Fitila suka ɓoye mata a baya. Can sama, ta dama."

Injiniya ya fizge hannunsa. "Ana mutuwa kana maganar fitila? Wallahi ba zan sake zuwa da kai ba."

Ya sake zuwa da shi, sau fi ɗari. Amma daga ranar Tsaya-Haka bai ƙara kallon fim irin na sauran mutane ba. Kowa na bin labari, shi yana bin wanda ya riƙe kyamara: inda ya tsaya, abin da ya bari a ciki, abin da ya yanke.

Wadda ta fi shan wannan hali ita ce matarsa, Maman Auta. Tela ce, kekenta na falo kusa da ƙofa, kuma ba ta da abin da take so bayan ta rufe keke da yamma kamar ta miƙe ƙafa ta kalli fim mai dogon zango. Sai Malam ya dawo daga shago ya zauna a kujerarsa.

"Wai da sassafe ne wannan? Dubi inuwarsu a ƙarƙashin ƙafa. Da rana tsaka suka ɗauka, suna raina mana hankali."

"Malam, ka bar ni in ji abin da take cewa."

"Kalli idonta, ɗigo biyu. Fitila biyu ke nan, a ɗakin da suka ce an ɗauke wuta."

Abin da ya kawo doka a gidan shi ne ranar da aka fara wani sabon shiri. Wani kawu mai fara'a ya shigo da tsaraba, yara na tsalle, Maman Auta ta ce kai, wannan mutumin kirki ne. Tsaya-Haka ya kurɓi shayinsa ya ce, "Shi ne zai cinye gidan."

"Daga ina ka sani? Yanzu fa ya shigo."

"Kowa an haska masa fuska duka, shi rabi. Kuma kyamara tana kallonsa daga ƙasa. Mai kyamara ya riga ya tona masa asiri."

Bayan mako tara kawu ya sayar da gidan marayu. Maman Auta ta yi kwana biyu ba ta ce masa ko sannu da zuwa ba, don ya kashe mata daɗin mako tara a zama ɗaya. Da suka shirya ta kafa sharaɗi: ba zai yi magana ba sai an tafi talla. Ya yarda. Sai ya koma tara abin da ya gani, ana shiga talla ya zazzage, in lokaci ya rage ya haɗa da tallar ma.

Amma fa ba zagi kawai yake yi ba a wancan zamani. In aiki ya yi kyau har tafi yake yi shi kaɗai. Yakan ce mai kyamara na ƙwarai kamar mai masauki ne, ya san inda zai zaunar da idonka ba tare da ka ji an ja ka ba. Kuma abin da yake gani a fim yana dawo da shi shago. Daga wani fim ya koyi zaunar da tsofaffi a gefen taga maimakon gaban fitila, shi ya sa hoton da ya yi wa uwar mai aski har yau yake rataye a shagon aski, duk wanda ya gani sai ya ce kamar za ta yi magana.

Yana gab da shekara sittin abubuwa suka fara canzawa. Wata yamma ana talla ya ce, "Yaran nan sun fara lalata aiki. Komai ruwan ɗorawa, kamar an jiƙa fim ɗin a shayi."

Maman Auta ta dubi talabijin ta dube shi. "Ni dai lafiya nake gani."

"Ke labari kike kallo."

Bayan 'yan watanni ya ƙara wani ƙorafin. Duk inda aka nuna fitilar mota ko ƙwan lantarki, sai hasken ya watse ya cinye fuskar mutum. In kuma wurin mai ɗan duhu ne, sai ya ce ba a ganin komai, an bar mutane suna magana a cikin buhu. Da farko talabijin ya zarga. Ya naɗe ta a bargo ya ɗora a bayan babur ya kai wa Injiniya. Injiniya ya kwance ta, ya hure ƙura, ya gwada nan ya gwada can, ya ce lafiyarta ƙalau. Bayan wata huɗu ya sake kawo ta. Wannan karon Injiniya ya ajiye ta gefen wata sabuwa dal, ya kunna tasha ɗaya a duka biyun.

"To, mutumina, ga taka ga sabuwa. Nuna mini bambanci."

Tsaya-Haka ya matsa gaba, ya ja baya, ya karkata kai. "Babu bambanci. Ka ga ke nan ba akwatin ba ne, daga can aka ɓato shi. Na faɗa, yanzu duk wanda ya iya riƙe waya ya zama mai kyamara."

Daga nan ya buɗe makaranta a ƙarƙashin rumfar da ke gaban shagunansu. Duk la'asar sai ya yi bayanin yadda sana'a ta mutu: ba a san fari ba, ba a san baƙi ba, ana harba fitila a idon kyamara kamar ana farautar zomo. Da yake shi ne Tsaya-Haka, mutane suka ɗauka. Har mai aski, wanda bai san gaban kyamara da bayanta ba, ya shiga gaya wa masu zuwa aski cewa finafinan yanzu duk rawaya ne. Injiniya ne kaɗai yake girgiza kai yana ci gaba da narka dalma. Shekara uku ana haka.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo ƙarshen makarantar. An ƙara mata girma a wurin aiki, ta zo da fararen kayanta aka ɗauke ta, ta ce a yi mata babba na bango. Ta karɓa ranar Litinin, ranar Talata ta dawo da shi a hammata.

"Baba, ka yi haƙuri, amma farar riga na sa. Shuɗiya ka ba ni."

Ya karɓa ya kai bakin taga. Riga fara sol, yadda yake so. "'Yata, wannan ai fari ne. Ni na zauna na gyara shi da hannuna a kwamfuta."

"Baba, har fuskata fa. Abokan aikina cewa suka yi kamar wadda aka ciro daga firji."

Bai saba a mayar masa da aiki ba, ransa ya ɓaci, amma ya danne. Ya ce ta bar shi ta dawo jibi. Da ya tashi ya tafi da hoton gida ya miƙa wa Maman Auta, don in dai launi ne, matar da ta yi shekara talatin tana zaɓen zare ba a ja da ita.

"Gaya mini gaskiya, wane launi ne rigar nan?"

Ta jawo wani ƙyallen farin yadi daga kwandon ɗinki ta ɗora a gefen hoton. "Malam, kamar an tsoma ta a ruwan bula."

"Ke ma?"

"Ni ma. Kuma ba wannan kaɗai ba ne." Ta ajiye hoton a kan keke. "Matar mai aski ta yi mini maganar na 'ya'yanta tun bara. Ƙanwata ma ta yi. Na rasa ta inda zan ɓullo maka, don kai in ka ce rawaya ne, duk layi sai ya ce rawaya ne."

Ya daɗe a zaune hannu a haɓa. Shayin da ta kawo ya huce a gabansa. Washegari bai buɗe wa kowa ƙofa ba. Ya manna farar takarda a bango, ya kunna fitilunsa biyu, ya ɗauke ta, ya sa a kwamfuta bai taɓa komai ba. Kwamfuta tana da wurin da take faɗin launi da lamba, ta ce wannan fari ne tsantsa. Idonsa ya ce ruwan shayi ne. Sai ya fahimci abin da ya yi ta yi shekara da shekaru: yana ganin rawayar da babu ita, yana zuba shuɗi don ya kashe ta. Ya rufe idon dama ya kalli fitila, ya rufe na hagu ya sake kallo. Ya juya wa fitilar baya ya karanta kalanda, ya fuskance ta ya gwada, lambobin suka narke.

Ya ɗauki waya ya kira 'yarsa Auta, wadda ke aiki a kantin magani.

"Auta, ki nemo mini likitan ido. Na gano inda matsalar take."

"Wace matsala, Baba? Ta talabijin?"

"Talabijin ba ta da laifi. Gilashina ne."

Likitar da suka samu mace ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta ce, "Baba, me ke damunka?" Ya gyara zama kamar mai ba da rahoto.

"Likita, gilashin ciki ne ya dafe. In haske na bayana ina gani da dama-dama, in yana gabana sai ya watse. Fari ya koma rawaya, baƙi ya koma toka. Na dama ya fi lalacewa. Ina jin ya kai shekara uku, ban lura ba don a hankali ya zo."

Ta ajiye biro tana dariya. "To Baba, ai ka gama mini aikina. Me kake yi ne?"

"Hoto."

"Shi ya sa." Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska idon, ta ce yanar ido ce, a duka biyun. Za a cire wanda ya dafe a sa masa sabo na roba, a fara da na dama.

"Wato canjin gilashi," in ji shi. "Na sha yi wa kyamara."

A bakinsa abin ba komai ba ne. Amma ranar aikin Auta ta lura sau uku yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa, kuma a mota bai yi wa kowa gyaran tuƙi ba. A ɗakin tiyata aka kwantar da shi, aka rufe masa fuska aka bar ido ɗaya, aka sauko da wata fitila mai ƙarfi. Yana cikin lissafin cewa an sa ta kusa da yawa, sai ya ji muryar likita a kansa.

"Ɗaga haɓa, Baba. Kaɗan. Yauwa, tsaya haka, kada ka motsa."

Ya ce da ba don wuƙa na kusa da idonsa ba, da ya yi dariyar da bai taɓa yi ba. Auta ce ta kai labarin layi, kuma har yau Injiniya bai bar shi ya huta da shi ba.

Washegari aka cire bandeji. Abin da ya fara gani shi ne rigar ma'aikacin da ya cire masa, fara har tana ɗaukar ido. Sai bangon ɗakin, wanda jiya ya rantse ruwan ƙasa ne, ashe shuɗi ne mai haske. Sai ya juya ga Maman Auta, ya tsaya yana kallonta har ta tsargu.

"Lafiya, Malam?"

"Yaushe kika sayi ɗankwalin nan mai ruwan hoda?"

"Shekara biyu ina ɗaura shi. Kai ne ma ka ce mini ya yi kama da buhun siminti."

"Ki yafe mini. Yana da kyau." Ya ƙara dubawa. "Amma kin yi furfura fa."

"Bari ka je gaban madubi tukuna," in ji ta.

Likita ta ce ya huta da kallo na 'yan kwanaki, ya riƙa ɗiga magani, ya sa baƙin tabarau in zai fita. Ya bi doka tsaf. Ranar da aka sake shi, ya ce wa Auta ta zubo masa shirin nan da uwarta ke bi, tun daga kashi na ɗaya, wanda ya fi kowanne shan zagi a bakinsa. Ta haɗa masa a talabijin da la'asar, ya ja kujerarsa ya zauna.

Da farko wasa ya riƙa yi. Ya rufe sabon ido da tafin hannu, falo da fim su koma cikin shayi. Ya buɗe ya rufe tsohon, komai ya fito garau. Ya yi haka ya fi sau goma. Daga nan ya sauke hannu ya zuba wa fim ɗin ido.

A kashi na shida akwai wurin da ake gaya wa wata mata cewa ƙaninta, wanda ta yi rainonsa tun yana goye, ya tafi ba zai dawo ba. Tana tsaye a kicin tana wanke kofuna. Tsaya-Haka ya tuna wannan wuri sarai, don a kansa ya yi wa'azin kwana biyu a rumfa, ya ce an ɗauki baƙin allo an ce fim ne. Yanzu ya ga abin da ke ciki. Mai kyamara bai matsa kusa da ita ba, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙon da ya ji kunyar shiga. Rabin hoton bango ne mai duhu, amma ba duhun makanta ba, ana ganin ƙusa da tawul a rataye. Fuskar matar na cikin inuwa. Hasken duka a kan hannuwanta yake, masu wanke kofi ɗaya, ta ɗauraye ta sake sa sabulu, ta ɗauraye ta sake sa sabulu. Ba a nuna hawaye ko ɗaya ba.

Aka gama kashin bai ce uffan ba. Maman Auta, wadda ba ta taɓa ganin haka ba, ta taɓa kafaɗarsa. "Idon ne ke ciwo?"

"A'a." Ya share ƙasan idon da gefen hannu, ya ce maganin ɗigawa ne. "Ashe yaran nan sun iya aiki. Shekara uku ina cin naman wanda ya fi ni."

"Ai ba wannan kaɗai ba," in ji ta. "Ka lura gidan ƙanin komai nasa shuɗi-shuɗi ne, labule, kofuna, har rigar da yake sawa? Gidan yayar kuma ja da ruwan goro. Ka jira kashi na tara, ranar da ta fara sa shuɗin mayafi, a nan za ka san ta yafe masa tun kafin ta faɗa. Kuma in suna faɗa ba a haɗa su a hoto ɗaya, sai a nuna wannan a nuna wancan. Ranar da suka shirya ne kawai kyamara ta ɗauke su tare."

Ya juyo gaba ɗaya yana kallonta da sabon ido da tsoho. "Wa ya koya miki wannan?"

"Shekara talatin ana yi mini karatu a kunne ba da son raina ba. Ko keken ɗinkin nan ka tambaya zai gaya maka inda fitila take."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce labari nake kallo."

Tsaya-Haka mutum ne da in ya yi kuskure a gaban jama'a, a gaban jama'a yake gyarawa, kuma da murya ɗaya yake yin duka biyun. Ranar da ya koma shago ya jira rumfa ta cika, ya miƙe da baƙin tabaransa.

"Jama'a, duk abin da na faɗa a kan masu fim shekara ukun nan, na janye. Idona ne. Injiniya, talabijin ɗina lafiyarta ƙalau, ka yi gaskiya."

Injiniya ya ɗaga hannu sama. "A rubuta ranar nan! A kawo kyamara a ɗauke ni!"

Mai aski ya ce shi dama can bai taɓa ganin wata rawaya ba, kara kawai yake yi. Aka yi masa ca.

Sai aikin gyara. Ya buɗe kwamfuta ya bi hotunan da ya yi tun daga lokacin da hannunsa ya fara karkata, ɗaya bayan ɗaya, yana rufe tsohon ido da wani ƙyalle da Maman Auta ta ɗinka masa da roba. Wasu ya gan su ya kama kai. Ya sake wanke na 'ya'yan mai aski, da na ƙanwar matarsa, da duk wanda ya san inda zai same shi. Na ma'aikaciyar jinya shi ya kai mata har wurin aiki, riga fara tas, fuska da jini a jika. Ta ce yanzu ne aka ƙara mata girman.

Da lokacin ido na biyu ya zo sai ya fara ja da baya. Ba tsoro ba ne wannan karon. Cewa ya yi yana so ya ajiye tsohon don gwaji, ba kowane mai hoto ne ke yawo da gilashi iri biyu a kansa ba. Maman Auta ta ce in gwaji yake so ya sa leda mai ruwan shayi a tabarau, ta kira Auta, aka sa rana. Aka yi lafiya.

Da ido biyu garau ya samu wani sabon abin yi: karanta ƙananan sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim, waɗanda kowa ke tashi a kansu. A nan ya tsinci sunan wanda ya ɗauki shirin nan. Ya sa Auta ta nemo shi a waya, ta samo, ya ce zai aika saƙon murya. Dalili kuwa gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da Injiniya a kan hasken hannuwan matar nan mai wanke kofi. Injiniya ya ce fitila ce aka rage mata ƙarfi. Tsaya-Haka ya ce babu fitilar da ke yin wannan laushi, rana ce aka tare da farin ƙyalle a waje aka turo ta taga.

Ya gyara murya ya yi sallama, ya faɗi sana'arsa da shekarunsa a cikinta. Ya ce ya zagi aikin shekara uku bisa kuskure, ya zo neman afuwa. Ya yi tambayarsa. Har Auta za ta saki, sai ya ƙara da cewa, "Sannan a kashi na goma sha huɗu, wurin da suke magana a bakin gado, inuwar sandar makirufo ta fito a bango ta hagu. Wannan kam ba idona ba ne."

"Baba! Afuwa ka zo nema fa."

"Na nema. Aika."

Bayan kwana huɗu amsa ta zo, sai ga muryar mace, tana magana tana dariya. Ta ce ta yafe, tunda ba ta ma ji zagin ba. Ta ce zanen gado ne fari, na matar gidan da suka ara, mutum biyu suka riƙe shi a rana har hannunsu ya gaji, don ranar injin wuta ya ƙi tashi. Game da inuwar sanda kuma ta ce ta gan ta tun a wurin tace fim ɗin, ta yi ta addu'a kada kowa ya lura, kuma shekara uku babu wanda ya lura sai shi. Ta ce suna kan ɗaukar zango na gaba, za ta riƙa duba bango saboda Baba.

Saƙon nan babu wanda bai ji shi ba a layin. Ya kunna wa Injiniya sau uku a jere, ya kunna wa mai aski, ya kunna wa wani bawan Allah da ya zo hoton fasfo yana sauri zai kai takardu. Da sabon zangon ya fito, ya zauna ya bi shi kashi-kashi yana binciken kowane bango, kowace ƙofa, har gilashin mota. Kashi ashirin da biyu bai kama inuwa ko ɗaya ba. Yanzu duk wanda ya yaba shirin a rumfa, sai Tsaya-Haka ya gyara zama ya ce ai da hannunsa a ciki. Injiniya ya kai ƙara wurin Maman Auta, ya ce ta ja wa mijinta kunne, ya fara cika baki. Ta ce a ƙyale shi, ai bai yi ƙarya ba.